Ranar Da Na Gaya Wa Kaka Sama Na Buɗewa

Jiya kakata ta cika shekara da rasuwa, sai ga malamin kimiyya ya maimaita darasin da na taɓa tsorata ta da shi. In manyan taurari biyu suka yi karo, sararin samaniya kan kaɗa kamar kogin Kwara bayan wucewar jirgi, kuma da wannan kaɗawar masana ke auna saurin buɗewarsa.

A wancan karon, tana dama fura a gidanmu na Lafagu, ƙamshin citta ya cika tsakar gida, na ce, "Amaryata, an auna, komai na ƙara nisa da komai. Baɗi zuwa wurin ƙanwarki ta ƙasar Benin sai da jirgin sama."

Sun yi shekaru ba sa magana saboda wata tsohuwar rigima. Ta ajiye ludayi.

"Mi kac ce, maƙaryacin miji?"

"Da na'ura suka ji."

"To ɗauko mani mayafina tun ba ta ƙara gaba ba."

Muka tsallaka iyaka ta garin Dole Kaina, muka isa gidan ƙanwar. Tsofaffin nan suka yi kukan da ya kusa kawo ambaliya, sannan suka cinye mani soyayyen kifina.

Ƙanwar nan ce ta yi jinyarta har ƙarshe. Allah Ya jiƙan ki, Kaka, Ya sada ku a Aljanna.