Harafi Takwas Na Zulfa

Shekara ashirin da shida Malam Kawu ya yi yana buga takardu a wani ofishin rabon kayan noma a Haɗejiya. Da tafireta ya fara, har ya kai yana bugu yana kallon taga.

Da aka kawo kwamfuta sai aka raba izini. Shi aka ba shi na rubutu kawai. Na gyara da gogewa aka ba Zulfa, sa'ar 'yarsa, wadda ta kama aiki bara.

"Baba Kawu, in ka yi kuskure ka kira ni," in ji ta.

"Tun ba a raɗa miki suna ba nake gyara kuskurena, 'yata."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Kullum da safe idonsa na kan yatsunta lokacin da take sa kalmar sirri. Cikin mako guda ya haddace.

Bayan ambaliya aka raba wa manoman Guri injinan ban ruwa, amma rabin sunayen da ke jerin dangin wani kansila ne. Da aka ji masu bincike na tafe, kansilan ya zo, ya wuce teburin Kawu ko sallama babu, ya roƙi Zulfa ta goge jerin. Ta ƙi. Ba injinan ne suka ci wa Kawu rai ba. Shi ba a roƙe shi ba.

Zulfa tana fita sallar azahar, Kawu ya hau kujerarta, ya shiga da kalmar sirrinta. Ya fitar da kwafin jerin guda ɗaya tukuna, don bai taɓa yar da takarda ba kwafi ba, sannan ya goge.

Da masu bincike suka zo suka tarar an goge jerin, kwamfuta kuma ta nuna sunan Zulfa. Hajiya Saude, shugabar masu binciken, ta ce a dakatar da ita. Zulfa ta rantse har muryarta ta dushe.

"Wa kuma ke zama a ɗakin nan?" in ji Hajiya Saude.

Shugaban ofis ya yi murmushi. "Kawu ne, ranki ya daɗe. Tsoho ne, ko kunna kwamfutar sai an taya shi."

Kawu ya ja aljihun tebur, ya ajiye kwafin a gaban Hajiya Saude.

"Kalmar sirrin harafi takwas ce, na uku babba. Ni na shiga, ni na goge."

Da akawun Hajiya ya zauna buga bayaninsa, Kawu ya leƙa ta kafaɗarsa.

"Da yatsa biyu kake bugu? Tashi in yi da kaina."