Bayan Tankin Ruwa

Shekara goma sha bakwai Goggo ta yi tana aiki a makarantar ƙananan yara, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa riƙe alli ba. Kayan aikinta tsintsiya ce da tsumma da buta. Ita ke share azuzuwa kafin a buɗe ƙofa, ita ke share wa yara majina, ita ke kai su banɗaki huɗu-huɗu ta dawo da su. Karatunta bai yi nisa ba. Ta tashi ne a hannun kakarta mai lambu, abin da ta sani na duniya a tsugune ta koye shi. Yanzu 'ya'yanta sun girma sun watse, tana zaune a ɗaki guda a gidan ƙanenta, da tabarmar sallarta da ciwon gwiwarta.

Ajin da take kula da shi yara talatin ne. Tagoginsa can sama suke, an yi su yadda yaro ba zai leƙa waje ba. An zana giwa da zaki a bango, Malama tana nuna su da sanda, yara suna amsawa da murya ɗaya har a tashi.

Hanyar banɗaki ta bayan tankin ruwa ta bi. Tankin yana ɗiga tun ba yau ba, mai gadi ya ɗaure bakin bututun da roba ya fi sau goma, bai daina ba. Ƙasar wurin ta jiƙe, ciyawa ta fito, gwanda ta tsiro da kanta ba wanda ya shuka ta. Tururuwa suka yi layi, tsutsotsin tana sun cika ƙarƙashin dutse, dodon koɗi yana hawa bango a hankali.

Gwiwa ce ta fara tsayar da Goggo a wurin. Takan zauna kan wani bulo ta huta, yaran su tsuguna. Ba ta koya musu komai, abin da take cewa kawai shi ne, "Me kuka gani?" Sai ga yaron da ke cizon 'yan'uwansa a aji ya yi tsit yana bin tururuwa da ido har raminsu. Wadda ba ta iya ƙirga alli uku ba ta ƙirga ganyen gwanda bakwai. Da Goggo ta ga haka, ta tara gwangwanayen madara, suka cika su da ƙasa, kowa ya dasa ƙwayar wake. A nan suka koyi jira, don wake ba ya fitowa saboda an yi masa kuka. In sun koma aji, sai Malama ta ce wa Goggo, "Ban san me kike ba su ba, in sun dawo daga wurinki sun fi jin magana."

Sai dai Goggo tana da doka. Kafin a koma, sai ta wanke kowane hannu da kowace gwiwa, ta ɓalle tsinke daga tsintsiyarta ta ƙwaƙule ƙasar da ke cikin farce, ta goge takalma. Sannan ta tura gwangwanayen ƙarƙashin tanki, ta bi sawun yaran da shara. A shekararta ta farko wata uwa ta taɓa ɗaga murya a kan safa mai laka, saura ƙiris a sallame ta. Tun daga ranar ba ta barin alama.

Mai gadi ne kaɗai ya sani. "Goggo," yakan ce, "banɗakin nan naku sai an hau mota ne?"

"Kai dai ka gyara tankinka, ka bar ni."

"In na gyara, ina jami'arki za ta koma?"

A bana aka kawo wata yarinya 'yar shekara huɗu, yara suka sa mata 'Yar Shiru. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce, a bene suke zaune, hawa na uku. Zango biyu yarinyar ba ta ce uffan a aji ba. In an kira sunanta sai ta kalli takalminta. Uwar ta ce ko a gida sai dai ta nuna da hannu.

Wata safiya a bayan tanki, yarinyar ta taɓa dodon koɗi da ɗan yatsa, ya janye kansa. Ta ɗago ta ce, "Goggo, ya shiga ɗakinsa."

Goggo ta matso kusa da ita. Ta yi hamdala a zuci, ta ce, "Ya shiga kuwa. Me ya kore shi?"

"Kunya yake ji."

Daga ranar bakin ya buɗe, amma a wurin kaɗai. Tana ba wa wakenta labari, tana yi wa tururuwa faɗa in sun hau gwangwaninta. Da an taka ƙofar aji, sai ta rufe bakin kamar an murɗa makulli.

Ana saura mako biyu hutu, Malama ta ce Hajiya mai makaranta ta yanke shawara. Za a gaya wa uwar ta kai yarinyar makarantar kurame, nan ba su da abin yi mata. Goggo ta so ta ce yarinyar tana magana a bayan tanki, ta fasa. In ta faɗa, ta tona kanta ke nan: shekara da shekaru tana zaunar da 'ya'yan mutane cikin laka a bayan idon kowa. Kwana uku tana juya abin, tana roƙon Allah Ya nuna mata hanya. Ran Juma'a ta goge hannu a zaninta, ta yi sallama a ƙofar ofis.

Hajiya tana kan waya. Ta rufe bakin wayar da tafi ta ce, "Goggo, lafiya? In ba gobara ba ce, bari sai Litinin."

Ran Litinin Goggo ta zagaya bayan tanki da tsintsiyarta, ta tsaya. An sare gwandar. An sa sabon bututu. Siminti ya kwanta sumul tun daga bango har ƙofar banɗaki, an jera duwatsu a gefe don kada a taka. Mai gadi bai yi mata wasa ba a ranar. Ya miƙo mata gwangwani guda daga ɗakinsa ya ce, "Wannan kaɗai na tsira da shi. Magina sun riga ni."

Ta koma ofis ta faɗi komai. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau ta ajiye.

"Goggo, me ya sa ba ki faɗa ba? Sau uku na zagaya wurin nan kafin in kira magina. Ban ga sawun yaro ko ɗaya ba. Ba uwar da ta taɓa kawo mini ƙarar datti. Na ɗauka juji ne kawai da sauro."

"Ni nake sharewa, Hajiya."

"To, ai kin share."

Duk da haka Hajiya ta ce a kawo yarinyar. Aka tsayar da ita a bakin simintin, manya uku a kanta. Goggo ta durƙusa da ƙyar ta ce, "'Yata, gaya wa Hajiya ina dodon koɗi yake kwana." Yarinyar ta dubi inda gwandar take a da. Ta dubi takalminta. Malama ta yi ƙasa da murya ta ce, "Goggo, wani lokacin abin da zuciya ke so shi kunne ke ji."

Ranar hutu, kafin uwar ta iso, Goggo ta zaunar da yarinyar a bayan ɗakin mai gadi, ta ɗora mata gwangwanin a cinya. Waken ya yi ganye huɗu. Yarinyar ta tura yatsu cikin ƙasar, tana dannawa a hankali kamar mai gyara wa jariri shimfiɗa. Butar tana gefe cike da ruwa, Goggo ba ta taɓa ta ba.

Uwar ta fito daga ofis da takarda a hannu, idonta ja. Ta kama hannun 'yarta, ta juya shi.

"Goggo, yau ba a wanke mata hannu ba?"

"Ban wanke ba, 'yata. Yarinyar nan tana magana, da kunnena na ji. Kafin ki kai ta ko'ina, nemi inda ƙasa take ki zaunar da ita, ki yi shiru ke ma."

"Mu da muke bene, ina muka ga ƙasa?" Ta faɗa cikin gajiya, ba da faɗa ba. Amma ba ta ƙwace gwangwanin ba.

Suka shiga mota. Ta gilashi Goggo ta hango yarinyar ta sunkuya kan waken, leɓenta kamar yana motsi. Ƙarar injin ta hana a ji komai, har suka sha kwana.

Da aka dawo hutu, kujerar yarinyar wani aka ba. Goggo tana nan tana kai yara banɗaki huɗu-huɗu. Yanzu minti biyu ya ishe su, kuma ba abin da za ta wanke musu a gwiwa.