Gwaggo Beryl Mai Ihun Haya

Gwaggona Beryl, yayar babana, ba ta taɓa son kiɗan rok ba. Cewa take yi ba shi da maraba da kare ya ture kwanuka. Amma da shi ta ci abinci.

Tana budurwa tana aiki a masana'antar biskit a yammacin Landan, kusa da wani kamfanin fim. Wata rana aka zo neman 'yan mata masu ihu. Za a ɗauki fim a kan wasu mawaƙa wai su Velvet Spanners, ƙungiyar da babu ita a duniya. Samari ne aka tsinto, aka kifa musu gashin kanti, aka rataya musu jita ba ko wayar lantarki.

Darakta ya ce, "Ku yi ihu kamar kun ga masoyanku!"

Gwaggo ta tuna wani ƙaton ɓera da ta gani a ɗakin fulawa, ta saki murya. Sai da mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa yana ashar. Tun daga ranar, duk fim mai mawaƙan bogi ita ce a sahun gaba. Har suma ta koya, sai dai takan leƙa ƙasa tukuna, kada ta ɓata siket.

A can ta haɗu da Clive, mai jitar ƙarya, wanda gyaran famfo ne sana'arsa.

Ya ce, "Beryl, ihun nan na ɗazu, nawa ne ko?"

Ta ce, "Kai a su wa? Ƙafata aka taka."

Suka yi aure. Har ya mutu bai iya kaɗa waƙa ko ɗaya ba, famfon kicin ɗinsu kuma bai daina ɗiga ba.

Tana tsohuwa tukuf wani mutum mai sanƙo, Desmond, ya buga mata ƙofa riƙe da hoton fim ɗin Velvet Spanners, yana so ta sa hannu. Ya ce, "Babana ya ga Spanners ido da ido, suna wasa a garin Leeds!"

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ubanka ko maƙaryaci ne ko mashayi."

Desmond ya sosa ƙeya. "Gaskiya duka biyun ne."

Ta yi dariya har haƙoran robarta suka zame. Ta jawo shi ciki, ta dafa masa shayi. Daga nan kowace Lahadi yakan zo ya yanke mata ciyawa, ita kuwa tana kan kujera tana nuna masa inda ya tsallake.