Yaran da Likita Ya Kasa Kora

Shekarar da nake fama da rubutun digirina na uku a wani ɗan filat a Hulme, taubashina, wanda likita ne a Birmingham, ya ja ni cikin wani wasan kwamfuta. Ƙwallon Amurka ce ta jami'o'i, irin wadda ƙato zai rungumi ƙwallo ya zura da gudu ana bin sa a kayar. Mu goma sha biyu ne, duk 'yan Arewa, kowa kocin ƙungiyarsa. 'Yan wasan kuwa babu su a duniya, na'ura ce ta ƙirƙiro su, har da suna da tsayi.

Kakar wasa ta ƙare, taubashin nawa da muke kira Likita ya zo na kutal, wato na ƙarshe. Ƙa'idarmu kuwa, wanda ya yi kutal sau biyu a jere a sallame shi a ba wani gurbinsa. Shi ya kafa gasar fa, shi ya kawo ƙa'idar da bakinsa.

A hutun kaka ake ɗibar sabbin yara. Sai ga wani mai jifa ya fito, hannu kamar majajjawa, kowa ya ƙwallafa rai a kansa. Yaron nan ya rasa inda zai sa a gaba sai ƙungiyar Likita, tawa ta biyu. Raina ya ɓaci wallahi. Amma akwai ƙulli: ƙungiyarsa ta cika, sai ya kori mutum uku ya ƙwace sikolashif ɗinsu kafin yaron ya samu wuri.

Ni aka ɗora wa rubuta hasashen kowace ƙungiya a guruf ɗinmu. Da na zo kan tasa, sai na zaɓo ragwayensa uku na yi musu tarihi. Na ce na farko maraya ne. Na biyu uwarsa ƙosai take soyawa a bakin titi, a Amurkar. Na uku saura masa zango ɗaya ya gama karatu, an ma sa ranar aurensa. Guruf ya kaure da dariya, ana ta “Likita, ka ji tsoron Allah!”

Ranar Asabar da za a rufe ɗibar, na hau bas takanas zuwa Balsall Heath, unguwar Likita a Birmingham, wai na zo gaida iyali. Ƙarya nake, ido na kai in ga ko zai kore su. Matarsa ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, shi kuma yana gaban talabijin, sunayen ukun nan a jere, saura minti goma.

Na kai loma na ce, “Likita, danna mana. Maraya ai ya saba.”

Ya ce, “Kai dai ɗan banza ne tun kana yaro.”

“To fara da na mai ƙosai, ka ga ba a rasa abin karyawa.”

Ya ɗora yatsa a kan maɓallin, ya ɗauke. Ya sake ɗorawa. Ina ta ƙunshe dariya har miya ta sarƙe ni.

Can ya ajiye abin dannawar a kan kafet. Ya ce, “Ka ɗauka ban san ƙarya ka shirga ba? Na sani sarai. Shekarata ta biyu a ƙasar nan aka aiko min takarda layi uku, an cire sunana daga sikolashif. Wata bakwai ina wanke-wanke a wani gidan abinci a Aston, ban gaya wa kowa a gida ba. Wanda ya goge sunan nan bai san fuskata ba.”

Kunya ta rufe ni. Na ce, “Don Allah danna, Yaya, wasa nake. Ba mutane ba ne.”

“Na sani,” in ji shi.

Lokaci ya cika muna kallo. Wayata ta yi ƙara a aljihu, alamar mai jifa ya faɗo hannuna, na kasa ko ciro ta. Likita ya jawo kwanon tuwon gabansa ya wanke hannu.

Ya ce, “Gyara hasashenka. Ka rubuta ƙungiyar Likita za ta sake kutal, za a sallami koci, amma kowa zai gama karatunsa.”