Maas Linval da Gawar Kan Tudu

Maas Linval, kamar yadda muke kiransa don girmamawa, maƙwabcina ne a garin Morant Bay, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Direban motar gawa ne tun yana saurayi. Shi ke ɗauko mamaci, ya wanke shi, ya sa masa kwat, ya kai shi coci. Ba ya shan taba, ba ya shan barasa. Matarsa Delphine ita ce mai surutun gidan. Da ta rasu, da hannunsa ya gyara ta, ya tuƙa ta zuwa maƙabarta, washegari ya koma aiki. Ba wanda ya ga hawayensa. Abinci kuwa, in na miƙa masa ya ci, in ban miƙa ba ya wuni haka.

A daminar shekarar da ta rasu aka aiko daga wani sansani a kan tudu cewa wani dattijon Rasta, Bongo Nehemiah, ya rasu. Mutanen wannan sansanin ba sa taɓa gawa, ba sa zuwa jana'iza, ko kalmar mutuwa ba sa furtawa. Dole sai an kira na waje.

Linval ya ɗora akwati a mota, ya haye kogi, ya hau tudu, ruwa na zuba. A bakin sansanin wani ƙato mai gashin dada har ƙugu, Ras Ezra, ya ɗaga masa hannu daga nesa.

"Tsaya nan, mai sanƙo. Kar ka matso."

Haka suke kiran duk wanda ba nasu ba, sai dai Linval da gaske sanƙon ne da shi.

"Ina mamacin?" in ji Linval.

"Ba mamaci a nan. Dattijo ya yi tafiya. Abin da ya bari yana ɗakin can."

"To, abin da ya barin na zo ɗauka."

Kafin ya gama naɗe gawar, kogi ya cika ya shafe hanya. Ya kwana a mota. Washegari rana ta buɗe da zafi, kogin bai sauka ba, ɗakin kuma ya fara wari. Matar dattijon, Mama Icilda, ta ce a binne shi nan gindin mangwaro.

"Hukuma za ta yi magana," in ji Linval.

Ezra ya ce, "Babila ta hayo kogin ta zo ta yi maganar." Babila suke kiran hukuma.

Suka ajiye masa diga da shebur suka ja baya. Shi kaɗai ya yi haƙan. Mazan suna zaune can a da'ira suna kaɗa ganguna a hankali, lofensu na ƙoƙon kwakwa yana zagayawa, hayaƙin wiwi na biyo iska har cikin ramin. Akwatin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya bar shi. Ya kama gawar ta kafaɗu yana ja, sai ya ji nauyin ya ragu. Mama Icilda ce ta kama ƙafafun.

"Mama, kar ki!" wani ya yi ihu.

"Tun ba a haife ka ba nake wanke masa ƙafafun nan," ta ce. "Yau ne suka zama ƙazanta?"

Gangunan suka tsaya, suka kuma ci gaba.

Da aka rufe ramin suka tura shi rafi ya yi wanka, aka ba shi doya da madarar kwakwa, ba gishiri. Ezra ya cika lofen da ganye, ya yi addu'a a kai, amma bai miƙa masa hannu da hannu ba. Ya ajiye a kan dutse ya koma mazauninsa.

Linval ya ɗauka ya zuƙa. Tari ya sarƙe shi, aka yi ta dariya.

"Me ka gani, mai sanƙo? Ka hango Sihiyona, ƙasar alkawari?"

"Ƙafafuna na gani."

Ya ƙara zuƙa, ya zauna yana jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Ba abin da ya motsa. Mama Icilda ta zo ta zauna gefensa, domin ita ma yanzu ana nisantarta.

"Kana da iyali?"

"Ta rasu."

"Yaya kake ji?"

"Kamar allurar mai cire haƙori. Har yanzu ba ta sake ni ba."

Ta gyaɗa kai.

Da kogi ya sauka ya dawo da akwatin ba kowa a ciki. Maigidansa na wurin aiki ya yi faɗa, 'yan sanda suka yi masa tambayoyi suka sallame shi. Ya ba ni labarin nan yana wanke mota, da muryar da zai gaya mini an ɗauke ruwan famfo.

Bai sake shan wiwi ba, bai sake hawa tudun ba. Amma ranar kasuwa Mama Icilda kan sauko da doya, ta zauna a barandarsa. Nakan leƙa in gan su, kowa na kallon titi, har lokacin motar da za ta mayar da ita ya yi. Haka suka yi shekaru. Da idanunsa suka mutu ya bar tuƙi, 'yar ƙanwarsa ta zo ta tafi da shi garin May Pen. Gidan yanzu wani mai gyaran firji ke ciki.