Ajiyar da Aka Bari a Ƙasar Zoza

Shekarata saba'in da huɗu a duniya, talatin daga cikinsu na yi su ina malamin gona tun zamanin En'e, kuma tafiyar da zan ba ku labarinta ba ta cika wata guda da yi ba. Na dakata ne zuciyata ta huce kafin in ɗauki alƙalami, domin bai dace dattijo ya yi rubutu cikin fushi ba. To, na jira, ba ta huce ba. Saboda haka ga labarin yadda yake.

Mun tashi da asuba daga ƙofar gidana a Yola ta ƙasar Karaye, ana sallame salla. Mu huɗu ne a cikin a-kori-kura: direba, da wani saurayi jami'in cibiyar binciken aikin gona ta wata jami'a, da ni, sai maƙerin unguwarmu da ya hau baya, ya rungume jakar fatarsa ta kayan aiki kamar mai riƙe da jariri.

Ya kamata in bayyana abin da ya haɗa mu. Damina uku da suka shige, wani injiniyan cibiyar nan ya ƙera injin casar masara na hannu, wanda ba ya shan mai, ba ya neman lantarki. Ya kawo guda ɗaya wani ƙauye a ƙasar Zoza, ya danƙa wa mai unguwa, ya ce zai dawo ya koya wa maƙera yadda za su yi irinsa su sayar. Bai dawo ba. Shi kuwa maƙerin namu, garma da fartanya da lauje sun daina ciyar da gidansa, har 'ya'yansa maza biyu suka ce da zarar kaka ta wuce za su ajiye guduma su tafi leburanci wurin aikin madatsar ruwa, sai fa in an sami sabon abin ƙerawa. Bara maƙerin ya tafi ƙauyen a kan keke, mai unguwa ko ƙofar ɗakin bai buɗe masa ba. Don haka da jami'in nan ya sauka gidana yana neman in raka shi, tunda a ofishinsu babu wanda ya san hanyar, sai na ɗauka ranar da ake jira ce ta zo. Ban tambaye shi abin da ya kawo shi ba, domin a tarbiyyarmu ba a titsiye baƙo. Na aika aka gaya wa maƙeri ya shirya.

Hanyar Karaye zuwa Rogo, wanda ya san ta ya san ta. Inda kwalta ta rage, ramukanta sun fi ta yawa. Inda ta ƙare, ruwan bana ya yanka burjin kamar an bi shi da garma. Direbanmu Bazazzage ne, don haka tun kafin gari ya waye muka fara tsokanar juna. Ya ce hanyar Kanawa kamar cinikinsu take, ba a fita daga cikinta lafiya. Na ce masa ya riƙe sitiyari da kyau, tunda ubangidansa ne a gefensa. Amma gonaki sun yi kyau, tubarkalla. Masara ce jibge a ƙofar kowane gida, mata sun baje ta a kan tabarmi, waɗansu suna dukanta da sanda a cikin buhu, waɗansu suna murzar ta da babban yatsa. Duk inda muka wuce su sai in waiga in dubi maƙeri, shi kuma ya ɗaga mini jakarsa yana murmushi.

A Rogo muka tsaya karya kumallo. Kokon wurin yana da kauri, ƙosan kuwa ya ƙanƙance har sai da na tambayi mai tuyar ko na yaye ne. Ta ce in tambayi masu tsuke bakin aljihu. Mazarƙwailarsu dai ba ta canza ba, na sayi curi biyu saboda jikoki, a kuɗin da a da zai sayi kwando. A nan, muna zaune a benci, na ce wa jami'in ga maƙerin da zai fara koya wa. Yaron ya sunkuyar da kai. Mai ladabi ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ce aikin ofishinsu shi ne miƙa abin da masana suka gano ga masu sana'a da 'yan kasuwa, amma ba wannan ne ya kawo shi yau ba.

"Baba, ɗauko injin aka aiko ni," in ji shi. "Za a yi baje koli a birni, manya za su zo. Sauran da aka rarraba, wani ya karye, wani ba a san inda ya shiga ba. An ce wannan ne kaɗai ake sa ran yana nan sabo."

"To, ɗana, maƙeran fa?"

"Sai kwamiti ya zauna. Fasahar ta jami'a ce, ba a yanke wanda za a ba izinin ƙerawa ba tukuna."

"Yaushe zai zauna?"

"Wallahi, Baba, tun kafin a ɗauke ni aiki ake jiransa."

Kokon nan ya koma mini kamar ruwan maɗaci. Maƙeri yana gefe, ya ji kome. Ya ajiye ludayinsa ya koma bayan mota.

Daga Rogo muka saki babbar hanya muka bi ta shanu, tsakanin gonakin rake da na barkono, muka tsallaka wani rafi da sai da muka sauka muka tura. Da hantsi muka isa. Mai unguwar dattijo ne sa'ana, dogo, mai kamun kai. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da amfanin gona, aka kawo fura mai sanyi, sannan aka zo kan magana. Ya ciro mabuɗi daga wani zare da ke wuyansa, ya buɗe ɗakin da ke jikin zauren.

Jama'a, ban taɓa ganin ajiya irin wannan ba. An ɗora injin a kan duwatsu saboda gara, an lulluɓe shi da gwado sabo. Da aka yaye, koren fentinsa yana ƙyalli kamar jiya aka shafa. Mai unguwa ya ce duk Jumma'a da hannunsa yake goge shi da man gyaɗa, kuma ko ƙwayar masara ɗaya ba ta taɓa shiga bakin injin ba. Ya faɗi haka da alfahari, kuma ya cancanci alfaharin, domin haka aka koya mana: kayan da mutum ya bar maka ya ce zai dawo, ba naka ba ne ko da taɓawa.

Jami'in ya yi murna, ya ciro takardarsa mai hatimi, ya bayyana buƙatarsa. Mai unguwa ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Samari, wanda ya ba ni ajiyar nan mai tabarau ne, da tabon ƙuna a hannunsa na dama. Kai ba shi ba ne."

"Ranka ya daɗe, ai ya bar aiki, ya tafi ƙasar waje. Ga takarda daga ofis."

"Ba takarda ce ta ba ni ajiya ba, mutum ne. In ya dawo, ya zo."

Na rantse muku na ji sanyi a raina da injin ba zai tafi baje koli ba, har na kusa yin dariya. Amma sanyin bai daɗe ba. Maƙeri ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya roƙi a bar shi ya kwance murfin injin ya ga cikinsa, ya mayar kafin azahar. Ya ambaci 'ya'yansa. Mai unguwa ya ji tausayinsa, na ga haka a fuskarsa, amma ya ce, "Maƙeri, abin da na hana mai takarda ba zan ba mai guduma ba." Na sa baki, na yi magana irin ta tsara da tsara, bai motsa ba.

Malamin ƙauyen ne ya ɗan sassauta lamarin. Yana zaune yana cin goro, sai ya ce in an ba mutum ajiyar doki, wajibi ne ya riƙa motsa shi don kada ƙafafunsa su sage, kuma wannan ba cin amana ba ne, kiyaye ta ne. Mai unguwa ya ce, "Allah gafarta Malam, na yarda a juya shi a gabana. Amma ba a taɓa ƙusa ko ɗaya ba."

Aka fito da shi tsakar gida, aka kawo kwandon masara. Maƙeri ya yi bisimilla ya kama mariƙin ya juya. Sai ga ƙwaya tana zuba cikin kwano kamar ƙanƙara a kan rufi, totuwa kuma tana tsalle ta gefe, fes, babu ko ɗaya a jikinta. Aikin da mace za ta yi daga hantsi zuwa azahar ya ƙare kafin malam ya gama goronsa. Mata suka leƙo ta kan dangaye. Yayar mai unguwa, tsohuwa ƙwarai, ta matso ta ɗebi masarar, ta dubi manyan yatsunta da suka yi kanta suka tsage, sannan ta dubi ƙanenta ta ce, "Ashe wannan yana cikin gidanmu?"

A nan ne fushina ya kai iyaka. Da injin bai yi aiki ba, da na ce Allah ya kyauta, mu koma gida. Amma yana yi, kuma yana yi ƙwarai da gaske. Sirrinsa yana cikin wani akwatin ƙarfe da aka ɗaure da ƙusoshi. Maƙeri ya kafa idonsa a bakin, bai ga kome ba sai duhu. Ya juya ga jami'in, ko zai sa baki. Yaron ya ce ko da mai unguwa ya yarda, shi ba shi da ikon ba da izini. Aka kakkaɓe injin, aka mayar kan duwatsunsa, aka lulluɓe, mabuɗi ya koma wuya.

Dawowarmu babu daɗi. Direba ya bar tsokana, jami'in yana ta tunanin abin da zai gaya wa na gaba da shi, maƙeri kuwa yana baya yana juya totuwa guda da ya tsinta, yana duban inda haƙoran injin suka bi. Mun iso Yola ana kiran magariba.

Ban ga laifin mai unguwa ba. Ya riƙe amana yadda iyayenmu suka riƙe. Injiniyan nan ma Allah ya saka masa, kansa ya yi aiki. Fushina yana kan ofishin da aka kafa domin ya miƙa, ya zama shi ne mai riƙewa. A zamaninmu, in aka ba mu sabon iri, a kan keke muke ɗaurawa, mu kwana a ƙauye har sai manomi ya iya, kuma ba ma kiran aikin ya ƙare sai mun ga abin a gonar maƙwabcinsa. Yau da harajin talaka ake yin binciken, a gano abin da zai sauƙaƙa masa, sannan a tuna da shi ranar da ake neman abin nuna wa manya. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ilimin da bai isa hannun mai guduma ba, ko ana goge shi da mai duk Jumma'a, ajiya ce kawai.

Jumma'ar da ta wuce 'ya'yan maƙeri suka hau motar madatsar ruwa. Jiya na bi ta maƙerarsa, na tarar shi ke zuga wa kansa wuta, shi ke duka, totuwar nan tana ajiye a gefen uwar maƙera.

Wanda ya ga kamar na ƙara gishiri, ba ni kaɗai na gani ba. Maƙerin yana nan a unguwarmu, direban da jami'in suna raye, mai unguwa da malaminsa suna ƙauyensu a ƙasar Zoza. In kuwa waɗannan ba su ishe shi ba, ya je ya gai da yayar mai unguwa, ya roƙe ta ta nuna masa yatsunta.