Shinkafar Mahaifin Muhandis

Ranar wata Alhamis, shekarar da na shiga aji uku, Umma ta fara tafiya da ni gidan aikinta. Daga unguwarmu Hindawiyya muka hau bas zuwa wani dogon bene kusa da teku, inda take yi wa wani mutumin Japan shara da wanki. Muhandis muke ce masa, wato injiniya da Larabci, kuma kamfaninsu ne kafilin Umma, mai tsaya mata wajen hukuma, in ya sallame ta iƙamarmu, takardar izinin zama a ƙasar, ta tafi. Ni da na taso a gidan mutum goma sha huɗu, ana cin tuwo a tire ɗaya ana bugun hannun juna, ban taɓa jin shiru irin na gidan nan ba. Kujera ɗaya, cokali ɗaya, sai kukan na'urar sanyi. A lungun falo akwai hoton wani tsoho mai farin kai, idonsa na bin mutum duk inda ya juya, a gabansa ɗan kwano da farar shinkafa.

A gidanmu abincin da aka bari a buɗe na kowa ne. Tsoron tsohon nake ji, amma kwaɗayi ya fi ƙarfina. Na juya masa baya na cinye. Haka na riƙa yi duk Alhamis, ina kuma lura shinkafar tana ƙaruwa, wata ranar har da tsokar kifi.

Wata rana Muhandis ya dawo da wuri, ya tsaya gaban kwanon ya daɗe, ya sunkuyar da kai har ƙasa. Sai ya kira Umma, ya yi mata bayani da guntun Larabcinsa. A ƙasarsu, in ji shi, babban ɗa shi ke zama da iyaye ya gaji gona. Shi ne babban ɗan, amma zamaninsu ya zo da cewa rayuwar kowa tasa ce, ya yarda da haka, ya fita duniya. Mahaifinsa ya rasu shi kaɗai a ɗaki, sai wari ne ya sanar da maƙwabta. "Shekara shida ina ajiye masa, bai taɓa ci ba," ya ce. "Yanzu yana ci. Ya yafe mini."

Na sadda kai ƙasa. Umma ta dube ni sau ɗaya, ta gane. Ta san abin da gaskiya za ta iya jawo mana. Amma ta kamo kunnena ta ce, "Yalla, maza, Dije, faɗa masa. Mamaci ba ya cin abinci, ba zan bar bawan Allah a kan ƙarya ba."

Na faɗa ina kuka. Bai yi faɗa ba, bai kore mu ba. "Halas," kawai ya ce, wato shi ke nan, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Umma ta ƙara shekara biyu a gidan, ta ce ba ta sake jin ya yi doguwar magana ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Waziriyya, a benen da ban san sunan maƙwabcina ba, gidanmu na Hindawiyya kuwa kowa ya kama gabansa. A da tausayin Muhandis nake ji, yau na fara fahimtarsa. Na sha neman gafarar satar da na yi, amma gaskiyar da muka faɗa masa ce ta fi tsaya mini a rai.